Maigadin da Ya Riga Katanga Zuwa

Babanmu ya riga katanga zuwa gidan ogansa na Ikeja. Fili ne da ciyawa lokacin da aka ɗauke shi gadin siminti da rodi. A gabansa aka yi ginin, a gabansa aka haifi 'ya'yan oga.

Shekarar da soja suka miƙa mulki ya fara rikicewa. Ran nan babbar 'yar oga ta dawo daga makaranta, ya hana ta shiga, wai bai san ta ba. Aka yi dariya. Da ya ɗaga wa ogan kansa sanda, dariya ta ƙare. Aka sallame shi cikin mutunci, muka ɗauko shi a motar haya ta danfo zuwa gidanmu na Agege.

Ni dai ban yarda ciwo ba ne. Mutum na tashi da malmala biyu ta tuwo! Na ce sammu ne. Ƙanwata, mai karatun likita, ta zaunar da ni.

"Yaya, ƙwaƙwalwa ma tana da masu gadinta, wasu ƙananan ƙwayoyin halitta. Ba daga ɓargo suke zuwa ba kamar sauran masu kare jiki. Tun tayi bai fi ƙwayar wake ba suke shiga, kafin shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa ya rufe. A ciki suke hayayyafa, suna share datti, suna korar cuta, iyakar rayuwa. In tsufa ya zo, wani lokacin sai su rikice, su dinga ɓarna a gidan da suke tsaro."

Na ce, "Ke dai da bokonki!"

Ita ta ajiye masa benci a ƙofar gida, ta mayar masa da sandarsa. Kowa ya zo sai ya tare shi. Maƙwabtanmu Yarabawa, Allah ya saka musu, sukan tsaya su rusuna ya ba su izini. Ya manta su, ya manta jikokinsa, ni kaɗai yake ganewa. Wayyo, watannin nan da suka rage mini yana gane ni, a yawon neman masu karya sammu na ƙarar da su. Benci ne mai ɗaukar mutum biyu, amma ban taɓa zama kusa da shi ba. Abin yana cina har yau.

Wata la'asar na dawo daga Ebute Metta da ƙullin rubutu, ya gitta mini sanda.

"Malam, wa kake nema?"

Na ce, "Babana."

Ya dube ni da tausayi, ya ce, "Ayya, ba ya nan. Sai dai ka dawo."