Kukan da na ji a bayan kwamfutata

Jama'a, yau kwamfutata ta yi ƙyanƙyasa! Wallahi ba wasa nake ba.

Kun san tsohuwar farosesa, wato ƙwaƙwalwar babbar kwamfutar kamfani, da na saya ta hannu, na sa wa kwamfutar tebur da nake haɗa bidiyon biki da ita. Na ƙara mata gudu fiye da ƙa'ida, fankarta sai huci take kamar murhu. Kwana uku ban kashe ta ba, sola ke riƙe da ita.

Ɗazu da hantsi sai na ji "tsiyo-tsiyo" daga bayanta. Na kira Malam Sanusi, mai gyara a Faskari, na kara wayar ya ji. Ya ce, "Kashe ta maza, ƙonewa za ta yi!"

Na miƙa hannu ke nan sai ga Inna da sauri. "Kul! Kada ka taɓa!"

Ta jawo ƙwarya daga bayan akwatin kwamfutar. Ƙwan zabi ne cikin tsumma, biyu sun fashe, 'yan tsaki na motsi! Ashe kazar da ke kwance a kansu muzuru ya kama shekaranjiya, shi ne Inna ta ajiye su nan don su sha ɗumi.

Na ce, "Inna, zafin ya yi yawa, zan rage gudun."

Ta ce, "Saura shida! Ka rage, mu ɓata."

Malam Sanusi na kan layi, yana jin mu.

Inna ta taɓa ƙwan, ta dube ni. "Kai, ba ka iya ƙara mata kaɗan?"