Gurbin da Malam Badaru Ya Bari

Malam Badaru na Farin Dutse mai kwafar littattafai ne, kuma yana da wani hali: ba ya barin kalma ta wuce bai rubuta ma'anarta da ƙananan baƙaƙe a ƙarƙashinta ba. Matarsa Turai kan ce da zai samu dama, da tukunyar miyarta ma ya yi wa sharhi.

Kalma ɗaya ce ta gagare shi: Injila. Kowa ya san littafin Annabi Isa ne, amma mece ce ma'anar sunan? Malaman Birnin Kudu suka ce asalinta bakin Yunanawa ne, iyakar saninsu ke nan. Sai ya bar mata gurbi mai faɗin yatsa.

Da ƙanensa Sada zai tafi Makka a ƙasa, kowa na roƙon addu'a, shi kuwa Badaru cewa ya yi, "In ka bi ta Masar, ka tambayo mini."

Shekara tara ba Sada, ba labarinsa. Abokan tafiyarsa da suka dawo suka ce a hanyar komowa ya rabu da ayari, ya nufi Masar shi kaɗai. Tun daga ranar Badaru bai sake buɗe shafin nan ba. Abin ya ci masa rai ƙwarai, yana ganin shi ya tura ɗan'uwansa halaka.

Wata rana da hantsi yana feƙe alƙalami a tsakar gida, Turai ta taho daga zaure har tana tuntuɓe.

"Malam, albishirinka."

"Goro," ya ce don sabo, bai ɗaga kai ba.

Sai ga Sada a bayanta, ya rame, gemu ya yi fari. Badaru ya kama hannunsa ya ƙi saki. Ko ruwa Sada bai sha ba ya ce, "Yaya, na samo. Wani tsohon Banasare mai sayar da takarda, Bayunane, shi ya gaya mini. Ma'anarta labari mai daɗi. Wai a zamanin kakanninsu, har tukuicin da ake ba wanda ya kawo labarin haka ake kiransa."

"Goron albishir ke nan," in ji Badaru.

"To, ni na fara kawowa," in ji Turai.

Badaru ya ɗauko littafin, ya tsoma alƙalami a tawada, ya miƙa wa Sada. Rubutun Sada karkatacce ne, ya ma zarce gurbin. Amma har Badaru ya rasu, duk baƙon da ya zo ganin littattafansa, wannan shafin yake fara nuna masa.