Inda Sarewar Baba Ke Tsallakewa

Jiya a motar Kalgo zuwa Gwandu, tsohuwar da ke kusa da ni tana rarrashin jikarta da wata waƙa. Tana cikin rerawa sai ta ɗan yi shiru, ta ci gaba. Na juyo na dube ta.

Na ce, "Inna, ina kika samo wagga waƙa?"

Ta ce, "Wani tsohon soja ke busa muna ita da sarewa in ana gayyar noma a Maruda. Haka take, ɗiyata, nan wurin ana tsayawa."

Ban san lokacin da hawaye suka zubo ba. Mahaifina ne, Allah ya jiƙansa. Yatsa guda ya baro a fagen yaƙi, shi ya sa bai iya toshe ƙofar sarewar a daidai nan. Mu 'ya'yansa har tsokanarsa muke yi, ya bi mu da dariya.

Ashe mutane sun riƙe waƙar har da gurbin yatsansa, ga jikokinsu ma suna ji.

Ku fa, me naku suka bari da har yanzu kuke cin karo da shi a bakin mutane?