Sandar da Usta Ragab Ya Zaɓa

Ranar da kofin shayi ya suɓuce wa Usta Ragab, ba fashewar kofin ce ta tsorata 'yarsa Tasnim ba. Shayin na tururi ya kwarare masa a yatsu, amma bai ko zabura ba, yana ta labarinsa yana dariya. A asibiti aka ce jini ne ya ɗan toshe a kai. Tasnim da ta gama jami'a wata biyu kacal da suka wuce ta koma ba ta da aiki sai kallon hannun nan na dama.

Shekara arba'in hannun na riƙe da aska a Izbat al-Burj, wani garin masunta a ƙasar Masar. Rabin masuntan garin a kujerarsa aka fara yi musu aski. Amma da kaka, idan kifin karus ya taso gindin duwatsu inda Kogin Nilu ke shiga teku, sai ya rufe shago, mai gemu ya koma gida da gemunsa. Ya sha faɗa cewa karus ba ya fizgar ƙugiya, taɓawa yake kamar baƙo mai kunya. Wanda yatsunsa ba su ji ba, kwando wayam zai mayar gida.

Kwana goma da sallamo shi ya ce tsohuwar sandarsa ta kamun kifi, ta gora, ta yi masa nauyi, a kai shi wurin Bayumi mai kayan fatsa.

"Kai! Lahira ma sun gaji da surutunka sun koro ka?" in ji Bayumi.

"Cewa suka yi in dawo in aske maka wannan tsintsiyar gemun naka tukuna. Miƙo wuya."

Haka Usta Ragab ke gwada sanda tun yana saurayi: ya ɗora tsininta a maƙogwaron mutum, mutumin ya yi magana. In rawar muryar ta iso yatsu, sandar za ta ji karus.

Sanda ta farko da ya gwada da hannun dama, Usta Ragab ya girgiza kai. Ta biyu ma haka. Tasnim ta kafa wa hannun ido. Laifin sanda ne, ko na hannu?

Bayumi ya zaro wata siririya mara nauyi, ya miƙa masa, ya gyara wuya. "Ragab mai yanke kunnen yara!"

"Sake faɗa."

"Ragab mai aski da dakusasshiyar aska!"

"Maƙaryaci! Ga ƙaryarka nan tana rawa a babban yatsana."

"Baba, da kunne ka ji," in ji Tasnim. "Rufe ido. In ka ji rawar a yatsunka, ka ɗaga hannun hagu."

Ta toshe masa kunnuwa da tafukanta, ta matse. Bayumi ya yi shiru har ya gaji, sannan ya yi gunaguni ƙasa-ƙasa. Nan take Usta Ragab ya ɗaga hannun hagu. Sau uku ana yi, sau uku yana ɗagawa.

Bayumi ya fita bakin titi yana kiran mai shayi da mai burodi su zo su gani. Tasnim na dariya, hawaye na zuba.

"Da wannan za ki ci karus da aka birkiɗa a dusa aka gasa, likitar gidanmu," in ji mahaifinta.

Ya hana kowa riƙe masa sandar har gida. An sake ɗaukar hoton kansa ranar Litinin. Likita ya ce sai Alhamis za a san ko jijiyar ta buɗe.