Rayuwar Malam Sai-da-Izini da Mangwaron da Bai Shigo Ƙasa Ba

Haihuwa da Karatu

An haifi marigayin a shekarar 1947 a wani gari na bakin iyaka, mahaifinsa mai awon hatsi ne, mahaifiyarsa kuwa ungozoma, wadda har ta koma ga Mahaliccinta tana cewa ba ta taɓa ganin jariri mai taurin kai irin nata ba. Ya kammala makarantar koyon aikin gona a 1968, inda abokan karatu suka laƙaba masa Sai-da-Izini, laƙabin da ya binne sunan yanka.

Aiki da Aure

A 1970 aka ɗauke shi jami'in duba tsirrai a tashar kwastan, cikin wani ofis mai taga ɗaya da fankar da sai an zungure ta da sanda. A 1973 ya auri 'yar wani tela, baiwar Allah mai tarin haƙuri, wanda ya ƙare tas tun kafin a yaye ɗan fari.

Shari'ar Dashe

A 1981 wani attajiri ya shigo da dashen mangwaro daga ƙetare cikin ledoji. Gwamnatin tsakiya ta ce kundin tsarin mulki ita ya ba ikon duk hajar da ta ƙetaro iyaka. Gwamnatin lardi ta ce noma huruminta ne, kuma mangwaro ba a sararin sama ake shuka shi ba. Alƙali ya damƙa dashen amana a hannun marigayin, bisa sharaɗin kada dashen ya mutu, kada ya fita. Aka yi ta ɗage zama, attajirin ya gaji ya rasu, saiwoyi kuwa da ba su san doka ba suka fasa leda suka kama ƙasa a bayan ofis.

Da bishiyoyin suka fara 'ya'ya, sai ga fitina. Matar Malam na da cikin auta, kwaɗayi ya kai ta har ƙofar ofis.

"Malam, ɗaya tak, wanda ya faɗo da kansa."

"Shaidar kotu ce, ba a ci."

"To jemagun nan fa, uban wa ya ba su izini?"

Wata guda ba ta ce masa sannu ba, maƙwabta shaida ne, don katangar gajera ce.

Ritaya da Hukunci

Ya yi ritaya a 2007, amma aka rasa mai karɓar amanar, kowace gwamnati na tsoron a ce ta riga kotu. Haka ya ci gaba da sammako da bokitinsa, ba albashi ba godiya. A 2012 kotun ƙoli ta ba gwamnatin tsakiya gaskiya, ta umarci a mayar da kayan inda suka fito. Kayan da suka fi ofis tsawo! Aka rasa dabara, aka turo masu zarto. Tsohon ya tare su da sandarsa.

"Samari, ina takardar izinin sare bishiya?"

"Baba, umarnin kotu ne fa."

"Kotu cewa ta yi a mayar, ba ta ce a sare ba. Sara kuwa hurumin lardi ne."

Lardi da ke neman inda zai rama ya hana takardar, aka sake komawa kotu. Ranar ce kaɗai aka ji matarsa ta yabi halinsa, shi ma a bayan idonsa.

Rasuwa

Allah Ya karɓi ransa ranar wata Talata a 2015 bayan gajeriyar jinya, aka yi masa sutura aka kai shi makwancinsa da la'asar. Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: babban direba ne, mai bi masa malamar asibiti, sai lauya, wanda mahaifiyarsa ta hana shi zancen aiki a gidanta, sai auta mai shagon ɗinki. Ya kuma bar bishiyoyinsa a tsaye, masu jiran biza na shan inuwarsu, alhali a shari'ance har gobe ba su shigo ƙasar ba. Allah Ya jiƙansa, Ya sa can bai tarar da layi ba.