Billen Da Ya Ɓace A Zanen Malam Faruk

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya suranta bayinsa, bai sanya fuskoki biyu sun zama ɗaya ba. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, Malam Faruk mai zane haifaffen Gyaɗi-Gyaɗi ne. Da rubutun allunan shaguna ya fara, daga baya ya koma zanen fuskokin mutane da fenti a wani ƙaramin shago a Tarauni. Malamai sun yi saɓani a kan wannan sana'a, shi ma ya sani, shi ya sa ba ya ɗaukar buroshi sai ya yi istigfari. Yawancin masu zuwa wurinsa ma'aikatan asibiti ne da ɗalibai.

Wata rana Hajiya Delu, wata dattijuwa daga Unguwa Uku, ta zo da hoton marigayi mijinta, Alhaji Usman. Hoton ƙarami ne, ya koɗe, duk ya tsattsage. Ganinta yana raguwa, likitoci kuma ba su ba ta tabbas ba. Burinta ta ga fuskar mijin a babban zane tun idon yana aiki.

Malam Faruk ya ajiye sauran ayyuka ya duƙufa a kan wannan. Duk tsagar da ya gani a takardar sai ya share ta a zanen, har fuskar ta fito sumul. Da ya kai mata gida, ta matso da fuskarta dab da allon, ta daɗe tana dubawa.

Ta ce, "Yaro, wannan saurayin kyakkyawa ne. Mijin wace ce?"

Ya ce, "Inna, ai Alhaji ne."

Ta ce, "Alhajin wani gidan dai. Nawa yana da bille. Ko wanzamin ne ya karɓe abinsa?"

Nan ya gane kuskurensa. Layin da ya gangaro daga karan hanci zuwa kunci na hagu, wanda ya ɗauka tsagar takarda ce, ashe tsagar wanzami ce tun ranar suna. Ya roƙe ta ta nuna masa wurin. Ta kama kuncin Malam Faruk, ta ja yatsa a hankali, ta ce, "Daga nan, ya tsaya nan. Kada ka zurfafa, da ya tsufa ya lafa."

A tsakar gidan ya haɗa fenti ya mayar da billen. Hajiya Delu ta sake matsowa. Ta gyara mayafinta kamar mai jin nauyi, ta ce a hankali, "Sannu da zuwa, Alhaji."

Kafin shekara ta zagayo ganinta ya ɗauke gaba ɗaya. Tun daga aikin nan, Malam Faruk bai sake share wani tabo a fuska ba sai ya tambayi masu ita, har Allah ya karɓi ransa bara bayan gajeruwar jinya.

Ya Allah ka jiƙan Faruk, ka yafe masa abin da hannunsa ya kuskure, ka haskaka fuskarsa ranar tsayuwa. Amin.