Gurbina a Bayan Motar Asibiti

Ɗan farina direba ne, motar ɗaukar marasa lafiya yake ja wa wani asibitin kuɗi a Tudun Wada. Ba na kiran sunansa, kuma ba yau zan fara ba. Lokacin mulkin soja ya kama aikin. Motar ba ta iya shiga lungunanmu na Ƙofar Gayan, a bakin titi take tsayawa. In naƙuda ta yi wa mace tsawo, mu mata ne ke tallafo ta daga ɗaki, mu lulluɓe ta, mu kai ta bakin motar. To a nan ake cijewa. Wace uwar miji ce za ta bar surukarta a bayan mota ba wadda ta san hannun haihuwa, ga namiji baƙo a gaba? Sai aka riƙa cewa a kira uwar direba.

Haka na zama ta bayan mota, ba wanda ya ɗauke ni aiki. Ina da tsummokarana wankakku da butata. In ya faɗa rami da gudu sai in ƙwanƙwasa gilashin da ke tsakaninmu da zobena, ya rage. Iyakar hirarmu ke nan, don ko a gida ba ma haɗa ido.

Ana nan sai direbobin asibitocin kuɗi suka kafa ƙungiya, na Tudun Wada da na Sabon Gari. Zaurenmu ya fi faɗi, a nan suke taro bayan la'asar. Shugabansu wani dattijo ne daga Wusasa, mai sanyin murya. Ni kuwa ina bayan ƙyaure da farantin wakena ina tsinta, ba abin da ke wuce ni.

Gaskiya ƙungiyar ta yi abin kirki. A da mai asibitin yakan aiki yaron nan ɗauko siminti da motar, har ragon layya an taɓa ɗaurewa inda nake zama. Da hannu tsirara yake wanke jini. Ƙungiya ta tsaya, aka daina. Aka ba su safar hannu, aka canza tayoyin da suka suɗe, kowa ya sami ranar hutu. Na ga ɗana ya zauna ya ci tuwo da zafinsa, har ya yi ƙiba a wuya. Amma kuma sun koyi surutu. Maganar da za a gama kafin shayi ya huce sai a kai ta magariba, kuma tabarmata ce ke shan takawa.

Sai suka zo da wata doka. Masu asibiti sun saba sa direba ya kawo ƙanensa ya yi ta ɗaukar marasa lafiya kyauta, maimakon su ɗauki ma'aikaci. Don a toshe wannan, aka ce wanda ba ɗan ƙungiya ba kada ya ƙara yin aiki a cikin mota, direban da ya saɓa a dakatar da shi. Wani ya tambaya ko har da Inna, wato ni. Aka ce doka ba ta da uwa. Na kasa kunne in ji ɗana. Ko tari bai yi ba. Ranar miyar gidan ta yi gishiri, kuma da gangan.

Ba a daɗe ba aka aiko daga Ƙofar Jatau da azahar. Matar wani maɗinkin riguna ce, cikin fari, tun jiya take fama. Na tafi, muka fito da ita har bakin titi, muka kwantar da ita a motar. Sannan na ja baya na tsaya, hannuna a baya. Uwar mijin ta dube ni, na gaya mata an hana ni shiga. Ta ce to a sauko mata da yarinya, a ɗaki ita ma ta haifi nata. Har ta kama ƙafar yarinyar.

Ɗana ya zagayo ya wangale ƙofar. Taya yake kallo, ba ni ba.

"Inna, ki shiga," ya ce. "Abin da za su yi mini su yi."

Na shiga. Mace aka samu, da kukanta mai ƙarfi, uwar ma lafiya lau.

Aka kira taro a kansa. Wani direba mai zafin kai daga Sabon Gari ya ce in aka kau da kai yau, gobe masu asibiti za su dawo da ƙannen kowa su ce ai ga uwar wane tana yi. Ban ji haushinsa ba, gaskiya ya faɗa. Wasu suka ce ai rai aka ceta. Suka yi ta juya magana ɗaya, na ga magariba za ta yi a kan aikin ɗana da gurbina. Sai na ajiye farantin na yi gyaran murya daga bayan ƙyaure.

"Malam," na ce wa shugaban, "tun da sai ɗan ƙungiya ke shiga, ku sa ni cikin ƙungiyar mana."

Zauren ya kwashe da dariya. Mai zafin kan ya ce, "Inna, ai ta direbobi ce. Kin iya tuƙi?"

"Tambayi abokinka wa ke rage masa gudu."

Har shugaban sai da ya share hawaye da hularsa. Da ya natsu ya ce shi ma matan Wusasa sun sha ƙin shiga motarsa, bai taɓa tunanin maganin yana bayan ƙyaure yana tsintar wake ba. Aka yarda kowace mota ta sami macen da za ta riƙa raka masu haihuwa, 'yar ƙungiya, kuma mai asibiti ya san da zamanta. Aka yafe wa ɗana. Aka miƙo mini safar hannu ta gefen ƙyaure, na sa su, na ƙarasa tsintar wakena da su don in ji yadda suke.

Abin da ban hango ba shi ne ranar hutu. Na ce ba na so, aka ce doka ce, kuma ni na roƙi shiga. Dole na koya wa wata maƙwabciyata aikin, mace mai hankali, sai dai tana da tausayin direba. Ran hutuna na farko ina zaune a tsakar gida na ji jiniya ta wuce ta titi, na ji ƙarar ramin nan na kusa da famfo. Kafin in ankara zobena ya bugi kwanon da ke hannuna.